Bangon Balad a cikin wasa: nomal maf, faralaks, ko a gina shi da gaske?

Duk wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da niyyar sa shi cikin wasan bidiyo, nan take zai gane girman abin da ya ɗauko. Ga dutsen murjani da ramukansa ba adadi, ga katakan da magina suka gitta a cikin bango sahu-sahu don su riƙe nauyi, ga shafen farar ƙasa ya ɓare a nan ya kumbura a can, ga kuma roshan, tagar katakon nan da ta leƙo titi da sassaƙa tun daga sama har ƙasa. In ka ce kowane rami da kowace tsaga sai ka gina su da alwatika, wato ƙananan fuskoki masu kusurwa uku da kwamfuta ke haɗa surar komai da su, bango ɗaya zai lashe miliyoyi, wayar mai wasa kuwa ta ɗau zafi ta fara sarƙewa. In kuma hoton bangon kawai ka manna a kan shafaffen allo, ido zai gane da wuri, domin haske zai zo ya wuce ba abin da ya motsa.

Samarinmu da 'yan matanmu na Makka da Jidda da Madina da Riyad da suka kama koyon Blender, manhajar gina sura, da Unity da Unreal, injinan haɗa wasa, suna cin karo da wannan matsala tun a watanninsu na farko. Ba kuma wasan yara suka kama ba. A watan Satumban 2022 gwamnatin Saudiyya ta fitar da tsarinta na ƙasa kan wasannin bidiyo, da burin samar da ayyuka 39,000 kafin 2030, kamfanin Savvy Games Group na PIF, asusun zuba jarin gwamnati, kuma ya sanar da shirin zuba riyal biliyan 142 a harkar. Ina so 'ya'yan Hausawa su shiga wannan kasuwa da gwaninta a hannu, gwanintar kuwa tana farawa daga sanin inda za a kashe ƙarfin na'ura da inda za a yi tsimi.

Tambayoyi biyu ne suke raba gardama a wurina. Ta farko: wannan tudu ko ramin da kake son nunawa, yana canza gefen surar abin idan an hango shi da sarari a bayansa? Ta biyu: mai wasa zai matso kusa ya kalle shi a karkace, ko daga nesa zai wuce? Duk dabarun da ke ƙasa amsa ce ga waɗannan biyun.

Kwamfuta tana sanin yawan hasken da za ta bai wa kowane ɗigo ne ta hanyar wata 'yar kibiya da ke tsaye a kan fuskar abin, tana nuna inda fuskar ta dosa. Wannan kibiya ita ce nomal. In ta fuskanci rana, wurin ya yi haske. In ta kauce, ya dushe. A shekarar 1978 James Blinn ya nuna cewa ba sai an taɓa surar abu ba: a karkatar da kibiyoyin kawai, ido zai ga tudu da kwari a inda babu su. Dabararsa, wadda ake kira bomf maf, tana aiki da hoto mai fari da baƙi, fari tudu, baƙi kwari, kwamfuta ta duba bambancin ɗigo da maƙwabtansa ta fitar da gangaren. Har yau tana da amfani. Za ka iya zana ta da hannu, za ka iya gyara ta cikin minti ɗaya, kuma a cikin Blender ta isa ga ƙananan abubuwa irin su kaushin siminti ko ƙofofin gashi na fatar mutum. Rauninta shi ne hoto mai bit 8 matakai 256 kaɗai yake da su, don haka gangare mai laushi yakan fito hawa-hawa, sai ka koma bit 16. Injinan wasa da yawa ma sukan mayar da ita nomal maf tun lokacin shigar da ita.

Nomal maf ta tsallake wancan lissafi. Maimakon tsayi, kibiyar kanta ake ajiyewa a kowane ɗigon hoto: ja yana riƙe da karkatar hagu da dama, kore sama da ƙasa, shuɗi kuwa fitowa waje. Shi ya sa irin waɗannan hotuna suke da launin shuɗi mai sirkin shunayya. Wurin da yake a shafe lambarsa 128, 128, 255. Masu bincike sun shimfiɗa hanyar a ƙarshen shekarun 1990, musamman aikin Cohen da Olano da Manocha na 1998, amma jama'a sun gan ta da idonsu ne a 2004, shekarar da Doom 3 da Far Cry da Half-Life 2 suka fito. Tun daga lokacin ta zama abin da yawancin wasannin 3D suke tsaye a kai, kuma dalilin a fili yake: karatun hoto guda ɗaya da ɗan lissafi, sai bango mai alwatika biyu ya amsa wa haske kamar an sassaƙa shi.

Iri biyu ne ake yawan haɗuwa da su. Akwai wadda ake auna kibiyoyinta daga tsayuwar abin gaba ɗaya, ita ce mai launuka barkatai, kore nan ruwan ɗorawa can. Tana da sauƙin lissafi kuma ba ta cika kawo tabo a haske ba, sai dai ta abu ɗaya ce tak. Ba za ka maimaita ta a dogon bango ba, ba za ka ɗauke ta ka sa wa wani abin ba, in kuma abin yana lanƙwasa kamar hannun mutum ko riga, sai an ƙara wahala. Ɗayar, ta tanjen, ana auna ta ne daga fuskar kowace alwatika, don haka duk inda fuskar ta juya tana biye. Ita ce shuɗiyar. Tana maimaituwa, tana bin motsi, ana iya amfani da rabin hoto a rufe ɓangarori biyu masu kama da juna. In ba ka da wani dalili na musamman, ta tanjen za ka ɗauka, ba sai ka tsaya dogon tunani a nan ba.

Inda ya kamata ka tsaya shi ne ta wace hanya za ka samo taswirar, wato nomal maf ɗin, domin a nan aikin mutane ya fi bambanta.

Hanya mafi inganci ita ce gasawa. Ka sassaƙa abu mai nauyi, da dukan tsagoginsa, a Blender ko ZBrush. Ka gina wani mara nauyi mai sura iri ɗaya, ka shimfiɗa masa UV, wato ka baje fuskarsa a shafe don a san wane yankin hoto ne zai hau kowane sashe. Sai manhaja ta harba haskoki daga mara nauyin zuwa mai nauyin, ta kwashe kibiyoyin ta zuba a hoto. Blender yana yin wannan kyauta da injinsa na lissafin haske mai suna Cycles, xNormal ma kyauta ne, Marmoset Toolbag da Substance 3D Painter na kuɗi ne amma sun fi sauƙin gyaran kuskure. Ga ƙofar katako mai sassaƙa, ko dagin Arewa da aka fitar a jikin soro irin zayyanar Kano da Zariya, ko aikin wuyan babbar riga, babu hanyar da ta kai wannan. Tana cin lokaci, kuma tana da ƙa'idojin da ba a tsallakewa. Duk inda ka sa kaifin gefe a surar mara nauyi, dole ka raba UV a wurin, in ba haka ba baƙin layi zai bi gefen. Ka bar tazara tsakanin yankunan UV, ka bar launi ya ɗan malala waje, saboda in kyamara ta yi nisa injin yana amfani da ƙananan kwafin hoton, launin maƙwabci kuma sai ya kutso. Sannan ka tabbatar manhajar gasawa da injin wasa lissafin tanjen iri ɗaya suke bi. Tsarin MikkTSpace na Morten Mikkelsen shi ne wanda Blender da Unity da Unreal suka yarda da shi. Ka mayar da surar alwatika zalla kafin ka gasa, ka kuma shigar da ita injin a hakan, don kada kowace manhaja ta yanka murabba'an ta hanyarta.

Hanya ta biyu ita ce a ciro taswirar daga hoton kyamara, da manhaja irin Materialize, wadda kyauta ce. Tana da sauri ƙwarai, kuma na san ita ce ke fara jan hankalin mai koyo. Amma ka san abin da take yi: tana ɗaukar duhu a matsayin rami, haske a matsayin tudu. Ga tsakuwa ko kwalta ko yashi, wannan zato yakan yi kusa da gaskiya. Ka gwada ta a kan bangon da matan Asir suka yi wa zanen Ƙaɗɗ, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2017, za ka ga ɓarna: bangon a shafe yake, fenti ne kawai, amma duk baƙin layi zai zama kwari, duk fari ya zama tudu. Haka inuwar da rana ta jefa lokacin ɗaukar hoton za ta zauna daram a cikin taswirar. Tun da gajimare ba ya yawan rufe mana rana a Hijaz, ka ɗauki hotunanka bayan asuba kafin rana ta fito sosai, ko a gefen da inuwa ta rufe baki ɗaya.

Ta uku ita ce a zagaye abu da hotuna masu yawa, manhaja irin Meshroom ko RealityScan ta gina surarsa ta gaskiya, sannan ka gasa daga ita. Ga dutsen murjani na Balad ko tubalin ƙasa irin na tsohuwar unguwar Turaif a Dir'iyya, kusa da Riyad, sakamakon ya fi na hannu, domin babu mai sassaƙar da zai ƙirƙiro irin rashin tsarin da shekaru suka yi. Sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi, Meshroom ma katin hoto, wato sashen kwamfuta mai zana abin da ke allo, na kamfanin NVIDIA yake nema don cikakken aikinsa. Kuma wuraren tarihi suna da masu kula da su; a nemi izini, a kuma kauce wa ɗaukar mutane. Wanda ba shi da halin wannan duka, Poly Haven da ambientCG suna ba da taswirori kyauta ba tare da sharaɗi ba.

Wanda ya sauko da irin waɗannan zai ga fayil biyu, ɗaya da alamar GL ɗaya da DX, kuma a nan mutane da yawa suke rasa kwana guda suna neman abin da ya lalace. Bambancin koren launi ne kawai. A tsarin OpenGL kore yana nuna sama, shi Blender da Unity da Godot suke bi. A tsarin DirectX yana nuna ƙasa, shi Unreal yake bi. In ka sa na wannan a wancan, tubalin da ya kamata ya fito sai ya lotsa, haske ya riƙa zuwa ta inda babu fitila. Maganin danna wuri ɗaya ne, Flip Green Channel a Unreal. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne barin injin ya ɗauki taswirar a matsayin hoton launi. Lambobi ne a ciki, ba launi ba. A Blender ka sa ta Non-Color, a Unity ka zaɓi Normal map a nau'in hoton.

Batun nauyi ma yana da lissafi mai sauƙi. Hoto mai 2048 sau 2048 da ba a matse ba yana cin megabait 16 a ma'adanar katin hoto, mai 4096 kuwa 64. Tun da tsawon kibiyar kullum ɗaya ne, ana iya ajiye ja da kore kawai, a lissafo shuɗi lokacin wasa. Tsarin matse hoto na BC5 haka yake yi a kwamfuta, ya mayar da 16 ɗin nan 4. A waya ASTC ake amfani da shi. Abin da nake gani a ayyukan masu farawa shi ne kowace kujera da kowane tulu an ba shi 4096. Ba ya ƙara kyau a allon waya. Dogon bango ya fi kyau da taswira matsakaiciya mai ɗauke da manyan tsagogi, a ɗora mata wata ƙarama mai maimaituwa da ke ɗauke da kaushin dutse, ta riƙa bayyana idan an matso.

To, ina nomal maf take gazawa? Kamar atamfar da aka buga wa hoton surfani take: daga gaba sai ka rantse zare ne, ka kalle ta ta gefe ka ga a shafe take. Ba ta canza gefen sura, tudunta ba ya ɓoye abin da ke bayansa, ba ya kuma jefa inuwa a kan maƙwabcinsa. Daɓen dutse a lungu shi ya fi tona mata asiri, saboda mai wasa kullum a karkace yake kallon ƙasa.

Don wannan aka kawo faralaks. Mai sauƙin, wanda Kaneko da abokan aikinsa suka gabatar a 2001, yana ɗan gusar da hoton gwargwadon tsayin wurin da inda ido yake. Kuɗinsa kaɗan ne, ƙarin karatu ɗaya, shi ne BumpOffset a Unreal da Height Map a Unity. In zurfin kaɗan ne yana taimakawa. In ka ƙara masa ƙarfi sai hoton ya riƙa narkewa yana zamewa. Mai zurfin, wanda ake taƙaita sunansa POM, Natalya Tatarchuk ta kamfanin ATI ce ta yi fice da shi a tsakiyar shekarun 2000. Shi yana bin layin kallo taki-taki a cikin taswirar tsayi har ya ci karo da tudu, don haka dutse yana ɓoye ramin da ke bayansa da gaske, har inuwa yana iya jefawa. Kyansa a daɓe da bangon tubali ba a magana. Amma kowane ɗigo a allo sai an karanta masa hoto sau 8, ko 16, ko 32, wani lokaci fiye, kuma gefen surar yana nan a miƙe sai an yi ƙarin dabara. A kusurwar gini da kan abu mai lanƙwasa yakan karye. Ra'ayina a kansa ba ya rawa: a kwamfuta da PlayStation, a sa shi a ƙasa da 'yan bangayen da ake matsowa kusa da su, a waya a bar shi.

Daga nan sai turawa ta gaskiya, wato a daddatsa fuskar ta zama ƙananan alwatika, a tura kowace waje ko ciki bisa taswirar tsayi. Robert Cook ya kawo tunanin a 1984 don fina-finai, DirectX 11 kuma ya sa katin hoto ya iya daddatsawar da kansa daga 2009. A nan babu yaudara: gefe ya canza, inuwa daidai, ko ta ina ka duba. Unreal Engine 5, da ya fito a 2022, ya zo da Nanite, wanda ke barin ka shigar da sura mai miliyoyin alwatika injin ya rage ta da kansa gwargwadon nisa. Wasu na cewa wannan ya kashe nomal maf. Bai kashe ta ba. Fayilolin suna da girma, ba a gina shi don wayoyin da yawancin mutanenmu ke riƙe da su ba, kuma ko a manyan wasanni ƙananan abubuwa irin zaren tufa da kaushin fata da nomal maf ake yin su.

Mu koma kan gidan Balad mu raba aikin. Jikin bango: nomal maf, babba da ƙarama a haɗe. Katakan da suka ɗan fito daga bango: in mai wasa zai bi ta gefensu, a gina su, 'yan alwatika ne. Roshan kuwa kashi uku ne. Akwatinsa da ya leƙo titi da rumfarsa ta sama dole a gina su, domin su ne surar gidan. Furannin da aka sassaƙa a allunansa a gasa su. Ragar katakon da iska ke ratsawa ita ce mai wuya, tun da nomal maf ba ta huda rami: na hawa na uku da na huɗu a yi musu hoto mai huji haɗe da nomal maf, na ƙasa da ido ke kaiwa a gina sandunan. Kada a cika hoto mai huji a wasan waya, yana wahalar da katinta fiye da yadda ake zato. In gidan Hausa kake ginawa, haka rabon yake: zankwaye a gina su, zayyanar ƙofar zaure a gasa ta, kaushin makuba a bar wa ƙaramar taswira.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, shi ne rana. A ranakun 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, kuma a duk tsawon bazara kusa da haka take da azahar. Hasken da ke saukowa daga sama yana shafar bango a karkace, sai duk tsagar da ke taswirarka ta fito ƙarara, ƙasa kuwa ta zama a shafe. Da la'asar sakaliya abin ya juya, ƙasa da yashi su ne ke nuna kaushinsu. Don haka kada ka daidaita ƙarfin taswira a haske ɗaya. Ka juya ranar wasanka daga hantsi zuwa almuru kana kallo. Sannan lungunan Balad a inuwa suke yawancin yini, inda babu haske mai zuwa daga gefe guda kuwa nomal maf takan mutu. Kamfanin Valve ya magance wannan a Half-Life 2 ta hanyar gasa hasken tare da inda yake fitowa. A Unity ka sa taswirar haske a kan Directional, ka ƙara taswirar da ke duhunta ramuka, bangon zai dawo da rai. Yashi mai ƙyalli kuma yakan riƙa walƙiya daga nesa idan kyamara na motsi. Ka rage ƙarfin taswirar da nisa, ko ka ƙara wa fuskar kaushi a can.

Gwajin ƙarshe ba a kwamfutarka ake yin sa ba, a ɗaki mai sanyi. Ka sa wasan a waya mafi araha da ke gidanku, ka miƙa wa ƙaninka ya buga a waje, domin waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu, zafin Makka kuwa yana haura digiri 40 watanni a jere. In ta fara sarƙewa, faralaks za ka fara cirewa, sai hotuna masu huji, sai ka rage girman taswirori daga 2048 zuwa 1024. Nomal maf ɗin manyan bangaye da ta jarumin wasan su za ka taɓa a ƙarshe.